Tudun da Aka Shimfiɗa a Hanya

Aikina na farko bayan na gama jami'a shi ne bin gonakin mutane ina duban ƙasa. Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka fara zuba, duk inda ka juya ana gini, siminti har wuyar samu yake yi saboda yawan masu nemansa. Aka ce za a fitar da sabuwar hanya ta ratsa ƙauyukan Jibiya, ta je ta haɗu da babbar hanya daf da shingen kwastan na kan iyaka. Ofishin da ya ɗauke ni aiki na kula da kayan tarihi ne, kuma ƙa'ida ta ce kafin katafila ta taɓa ƙasa sai ɗayanmu ya bi layin ya duba ko akwai kufai, ko tsohuwar maƙera, ko wani abin da bai kamata a tattake ba. Ni aka tura. Ina jin don ni ne ƙarami, ko kuwa don babu mai son zafin bazarar Jibiya. Ban tambaya ba.

Shugabana mutum ne mai sanyin murya, ya girme ni da kamar shekara ashirin. Shi ya karɓe ni ranar da na fara aiki, ya zaunar da ni, ya sa aka kawo mini shayi, yana ce mini ƙanena. Ranar da zan tafi ya jawo aljihun teburinsa ya ciro wani tef ɗin awo mai gidan fata, ya ce da shi ya fara aiki, ya miƙo mini.

Ya ce, "Ƙanena, aikin nan namu abu ɗaya ne, rubutu. Abin da ka gani ka auna, ka zana, ka rubuta. Abin da ya shiga takarda ya tsira. Wanda bai shiga ba, ko masallaci ne, wata rana za a wayi gari babu shi."

Na kwafe maganar a shafin farko na littafina. Littafin yana nan har yau, ban yage shafin ba, ko da yake na sha yin niyya.

Motar da ta kai ni ba ta ofis ba ce. Ta kamfanin da aka ba kwangilar hanyar ce, aro aka ba mu, don tamu ta daɗe a gareji. A lokacin ban ga kome a cikin wannan ba.

Na kama ɗaki kusa da tasha, inda manyan motoci ke jiran a buɗe musu shinge su wuce Maraɗi, 'yan kasuwa suna ta ƙorafin duwan da jandarma, wato kwastan da 'yan sandan can ƙetare. Na ɗauki mutum ɗaya ya taya ni, wani maginin rijiya daga Daddara, gajere mai faffaɗar kafaɗa, gemunsa ya fara furfura, bakinsa ba ya hutawa. Kwana biyu kawai muka yi ya raɗa mini suna Malam Wataƙila, wai ko ruwa ya tambaye ni ina sha, sai na ce wataƙila.

Yadda muke aikin shi ne, duk taku ɗari biyu a kan layin da safiyo, wato mai awon hanya, ya kafa turaku, sai mu haƙa rami iya ƙugu. Shi yana haƙa, ni ina tankaɗe ƙasar a rariya, in ga ko tsingaro zai fito, ko gawayi, ko kashin maƙera. Sannan in zauna in zana bangon ramin hawa-hawa da fensir mai launi: rawaya rairayi, ruwan ƙasa laka, ja kuma marmara, wato jar ƙasar nan mai tauri da tsakuwa. In na gama sai mu mai da ƙasar mu rufe, mu ba mai gona haƙuri. Ba wanda ya ce sai na yi launin. Ni na ga zai fi fitowa fili, kuma kullum ina tsoron a ce na bar wani abu.

Mako uku ba mu sami abin kirki ba. Sai a ƙasar Gangara na hango wani ɗan tudu a tsakiyar gonar gero, kamar taku ɗari uku daga turakun safiyo. Ba wani tudu ba ne, in kana kan jaki ma ba lalle ka kula da shi ba. Sabara da kalgo sun rufe shi, da aduwa biyu a kansa. Abin da ya tsai da ni shi ne kunyoyin bara. Sun taho a miƙe, da suka kusa tudun sai suka karkace suka kewaye shi, suka bar fili tsakani. A gindinsa kuwa tsingaro ne barbaje, mai kauri, da zanen da ban taɓa gani a tukwanen kasuwa ba.

Na sunkuya na ɗauki ɗaya. Sai na ji murya daga inuwar aduwa.

"Ajiye shi inda ka ɗauke shi."

Wani tsoho ne zaune a kan buzu yana tufkar igiya, dogo, siriri, da tsagar fuska. Ban gan shi ba sam. Na ajiye, na je na durƙusa na yi sallama, na ce, "Sannu da hutawa, Baba."

Ya ce, "Hutawa dai, ɗan boko. Mi kake biɗa ƙarƙashin ƙahwata?"

Na yi masa bayani yadda na iya. Ya saurara har na gama, hannunsa bai bar igiyar ba. Ya ce tudu ne kawai, fako ne, ba ya yin gero, shi ya sa aka bar shi. Daga baya na ji cewa tun ranar da mutanen safiyo suka shigo da turakunsu yake zuwa nan ya zauna, daga hantsi har la'asar sakaliya, bai tsallake ko rana ɗaya ba.

Da muka bar wurin maginin rijiya ya ce mini, "Malam, manomi ba shi barin ƙasa banza. In ka ga kunya ta kauce, akwai wanda take ba hanya."

Kwana uku ina komawa. Ba na tambayarsa kome, sai in gaishe shi in zauna, wani lokaci in riƙe masa bakin igiya. Ba zan ce dabara nake yi ba, amma ba zan kuma rantse cewa babu dabara a ciki ba. A rana ta huɗu ya dube ni ya ce, tunda na ƙi tafiya, gara ya gaya mini don in tafi.

Mutanensa ne a kwance a tudun. Su suka fara saran dajin nan, tun kafin zamanin yaƙe-yaƙe. Da hari ya yi yawa rayayyu suka tashi suka koma inda ke da ganuwa, matattu suka zauna. Ya lissafa mini su har kakan kakansa, ya nuna mini wajen da aka ce kowanne yake. Ya ce da fasassun tukwane aka rufe su, ba da itace ba, su ne ruwa ke tonowa. A gidansu, in an zo noma sai a bar faɗin kunya uku tsakanin gero da tudu. Duk wanda ya shigo gonar sai ya yi musu sallama kafin ya sa fartanya. Damin farko na kaka kuwa sadaka ake yi da shi, Allah ya kai musu ladan. Kuma ba a faɗa wa baƙo. Mai unguwa ya sani, liman ya sani, amma ba wanda ya taɓa furtawa.

Na ce, "Baba, don me ake ɓoyewa?"

Ya ce, "Abin da aka nuna da yatsa ya kama hanyar tahiya. Haka ubana ya hwaɗa mini."

Nan na ɗauko karatuna. Na ce zamani ya canza, katafila ba ta san sirri ba, abin da ta tarar shi take turewa. Na ce yau hanya ta kauce wa tudun, amma gobe wa ya sani? In an rubuta shi a takarda, hukuma za ta san da shi, a kewaye shi da waya, ba mai taɓawa har jikokin jikokinsa. Kusan kalmomin shugabana na maimaita masa, har da maganar masallaci.

Ya ce, "Hukuma ta san kakana?"

Na ce, "Za ta san shi in na rubuta."

Ya yi dariya kaɗan. Sai na yi kuskuren neman ya bar ni in haƙa rami ɗaya a kan tudun, ƙarami, don in tabbatar. Dariyar ta ɗauke.

"Kai, in an ce a tona naka don a tabbata shina nan, ka yarda?"

Na ba shi haƙuri har sau uku. A ƙarshe muka daidaita: zan haƙa ramuka huɗu a kewaye, bayan kunyoyin nan uku, ba zan taɓa tudun ba. Ya kuma yarda in tsinci tsingaro kaɗan daga sama in tafi da su shaida. Shi da kansa ya zaɓar mini, ya haɗa da wani gululun mazari na yumɓu da ya ce ya daɗe yana ganinsa a nan, wataƙila na wata kakarsa ne.

Ramin farko, ba a kai kamu ɗaya ba diga ta yi ƙara. Maginin rijiya ya tsaya, ya durƙusa ya ɗebo da hannu ya murza.

"Kai! Marmara ce, ja wur, ga tsakuwa. Malam Wataƙila, wagga in 'yan hanya sun gan ta sai sun taka rawa. Ba ka ga tifofinsu ba, daga can bayan Riko suke jido irinta?"

Ramuka huɗun duka haka suka nuna, rairayi ɗan kaɗan a sama, marmara a ƙasa mai kauri, ba mu ga ƙarshenta ba. Na zauna na fiƙe jan fensir. Maginin rijiya ya tsaya a kaina yana kallo, ya daina wasa.

Ya ce, "Da ni ne kai, da na rufe ramukan ga na ce rairayi na gani."

Na ce ba zan rubuta abin da ban gani ba.

"To kada ka rubuta kome."

Na ce rami huɗu na haƙa, rami huɗu zan rubuta, haka aikin yake. Ya ɗaga kafaɗa ya ɗauki shebur. Na tuna na ji haushinsa a ranar, ina ganin mutumin da bai yi makaranta ba yana koya mini ha'inci.

Rahoton shafi goma sha huɗu ne. Takwas na farko labarin tudun ne: abin da tsohon ya faɗa, al'adar kunya uku, zanen tsingaro, da roƙon a kewaye wurin. Na faɗi gaskiya cewa ban haƙa kan tudun ba, saboda haka ban ga kabari da idona ba, amma alamu duka sun nuna. Shida na ƙarshe kuwa zanen ramuka ne, da taswirar da ke nuna inda kowanne yake da nisansa daga hanya. Sau uku na sake kwafe shi. Ban yarda in sa a gidan waya ba, na hau mota na kai Kaduna da hannuna.

Shugabana ya karanta a gabana, yana gyaɗa kai. Da ya zo kan shafukan launi ya ɗan daɗe, ya ce, "Ƙanena, ka yi aiki."

Na ce, "Yallaɓai, akwai abin da ke damuna. Marmarar nan. Kada 'yan kamfanin hanya su gani su..."

Ya katse ni da dariya. "Rahoto ba a raba shi. Wanda ya ga shafi na tara ya riga ya ga na ɗaya. Ni da hannuna zan kai wa babban injiniyansu, mu zauna, a sa waya. Koma ka ce wa tsohonka ya kwantar da hankalinsa."

Na koma. Ruwan farko ya sauka, an fara shuka. Na tarar da tsohon a inda na bar shi, ƙarƙashin aduwa. Ni da ban taɓa faɗin magana ba tare da na bar mata ƙofar fita ba, ranar nan na ce masa, "Baba, an gama. Tabbas ba mai taɓa wurin nan."

Maginin rijiya, da ya rako ni, ya ce, "Allahu akbar. Yau Malam ya manto wataƙilarsa a Kaduna."

Tsohon ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce ƙanensa ya rasu a wani ƙauye can ƙetaren iyaka, wajen Maraɗi, yau kusan kwana arba'in, bai je gaisuwa ba saboda zaman gadin nan. 'Ya'yan mamacin har sun aiko suna tambaya ko lafiya.

"To, tunda ka ce haka, gobe in tahi."

Ya naɗe igiyar da ya gama tufkawa ya ba ni, ya ce in ɗaure akwatina.

Daga nan aka tura ni wani aikin a kudancin Zariya, na yi damina a can. Da kaka ta yi na nemi izinin kwana uku, na ari kyamara, na ce bari in je in ɗauki hoton wayar da aka kewaye tudun da ita in sa a fayil. Har da goro na saya wa tsohon.

An riga an ɗaga hanyar, an shimfiɗa mata burji ja, ba a kai ga zuba kwalta ba. Na sauka daidai inda na sani, na duba wajen gonar ban ga aduwa ba. Na ce wataƙila na wuce wurin. Na koma baya, na dawo. Na nemo kututturen turken safiyo, na fito da tef ɗin nan mai gidan fata, na auna kamar yadda na auna da farko. Awon ya kai ni bakin wani kududdufi mai faɗi, gaɓarsa a tsaye ja wur, ruwan damina kwance a ciki. Wani makiyayi yana shayar da shanunsa a gefe guda. Na sake awon, ko na yi kuskure. Ban yi ba.

Ofishin kamfanin rumfar kwano ce a bakin hanya. Na shiga. Mai kula da ma'aikata, wani ƙato mai fara'a, ya tashi ya ba ni hannu. Kafin in buɗe baki na hango wasu shafuka a bayansa, an kafe su da ƙusa a jikin allo: rawaya, ruwan ƙasa, ja. Rubutuna ne. Lambar shafin farko tara.

Ya ga inda nake kallo. "Kai ne mai wannan? Kai, Malam, Allah ya yi maka albarka! Ka hutar da mu. Da daga nesa muke jido burji, tifa ta yi sawu huɗu a wuni ta gaji. Wannan kuwa ga shi a bakin hanya. Ko masu gwajin ƙasarmu ba sa zane mai kyau haka."

Na ce, "Ina sauran shafukan?"

"Waɗanne?"

"Takwas na farko."

Ya ce shida aka aiko musu, cikin ambulan, da 'yar takarda daga ofishinmu ana gaishe su. Da na gaya masa abin da ke cikin takwas ɗin, fara'arsa ta tafi. Ya zauna. Ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi, ko da yake ban san ko ya kamata in yarda ba.

Sauran labarin daga bakin maginin rijiya na ji, da na same shi a Daddara. Kwana biyar bayan tafiyar tsohon katafila ta hau tudun. 'Ya'yansa suna gona mai nisa, kafin labari ya kai musu an ture aduwa, tifofi sun fara jida. Sun zo sun yi magana, aka nuna musu takarda mai hatimi. Sai a rana ta biyu, da ƙasusuwa suka fito fili a bakin katafila, direban ya kashe inji ya sauko yana salati, ya ce ko za a kore shi ba zai ƙara ba. Aka kira liman, aka tsince abin da ya tsintu, aka haɗa a likkafani ɗaya aka binne a ƙetaren hanya. Amma tifa ta riga ta yi sawun da ba wanda ya ƙirga. Bayan kwana biyu aka kawo wani direban, ya ƙarasa.

Maginin rijiya ya ce, "Da tsohon na nan zaune, ba su hawa. Mutum zaune bisa buzunai, wa ke ture shi?"

Bai ce ai ya gaya mini ba. Na so ya faɗa.

Ban iya zuwa wurin tsohon a wannan zuwan ba. Na ba maginin rijiya goron, na hau mota sai Kaduna.

Shugabana ya saurare ni da sanyin nan nasa. Ya aika aka kawo fayil. Shafuka takwas suna ciki, tsaf, ko lanƙwasa babu, sai ɗan yagewa a kusurwa inda aka zare ƙusar da ta haɗa su da sauran.

Ya ce, "Sun nemi duk abin da muke da shi game da ƙasar wurin, na ba su. Wannan kuwa, kai da kanka ka rubuta ba ka haƙa ba, ba ka gani ba. In ɗauki labarin tsoho in je in ce a tsai da aikin gwamnati?"

Na ce, "Yallaɓai, ba tsai da aiki na roƙa ba. Tudun ba ya kan hanya. Kuma kai ka ce mini rahoto ba a raba shi."

"Na faɗa."

"Ka ce in gaya masa ya kwantar da hankalinsa."

"Na faɗa, ƙanena. Motar da ta kai ka, ta wa ce? Ɗakin ajiyarmu da ke yoyo, wa ya ce zai rufe mana shi? Za ka girma, za ka zauna a kujerar nan, za ka gane."

Ban ga an ba shi kome ba, kuma ba zan ce an ba shi ba. Mai yiwuwa ma da ya yi mini alkawarin da gaske yake, daga baya abin ya yi masa nauyi. Na yi shekaru ina juya wannan, ina nema masa mafita, don in ya fita ni ma ina ganin zan sami sauƙi. Abin da na sani shi ne ya karanta shafuka goma sha huɗu a gabana, ya san mene ne a kan marmarar, ya zare ƙusa.

Ya sa aka kawo shayi. Abin kunyar shi ne na sha. Da zan fita na ajiye tef ɗinsa a kan tebur. Kafin in kai bakin ƙofar gida masinja ya biyo ni da gudu, wai Yallaɓai ya ce na yi mantuwa. Na karɓa.

Abu ɗaya na yi wanda ya saɓa ƙa'ida, shi kaɗai a duk shekarun aikina. Na shiga ɗakin ajiya na ɗauko jakar tsingaron nan da gululun, waɗanda ni da kaina na manna wa lamba na shigar a rajista a matsayin kayan hukuma. Na sa su a akwatina, na ɗaure da igiyar tsohon, na koma Jibiya.

Na sami tsohon a ƙofar gidansa yana gyaran rumbu. Ya rame. Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Ɗan boko, ka zo. Ku kawo mai ruwa."

Na fara bayani, shafi takwas, shafi shida, ambulan. Ya ɗaga hannu.

"Ban ce ka yi mini ƙarya ba. Na ga idonka ran nan. Laihina ne. An ce mini kada in hwaɗi, na hwaɗi."

Da zagina ya yi, da na fi jin daɗi. Na kwance jakar na ajiye a gabansa. Ya zazzage a kan tabarma, ya nemi ruwa ya wanke lambobin da na manna ɗaya bayan ɗaya, har gululun. Ya ƙulle su a wani farin ƙyalle, ya ɗauki fartanya, ya ce in taso mu kai su wurin 'yan'uwansu.

Sabon kabarin yana ƙetaren hanya. Da muka iso bakin burjin sai ya tsaya, ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu. Ya fuskanci hanyar ya yi sallamar da ake yi wa mutanen kabari, a hankali, kamar yadda na ji yana yi a gindin tudu. Wata tifa ta taho tana ta hon, yaron motar ya leƙo yana cewa, "Baba, a kauce, hanya ba tabarma ba ce!" Bai dube su ba. Sai da ta wuce ya taka. Ni ma na cire nawa. Tsakuwar ta ɗau rana, tana cin tafin ƙafa.

A tsakiyar hanyar ya tsaya ya juyo.

"Kai da ke da abin awo. Daga ina zuwa ina aka zuba su?"

Na riga na tambayi mai kula da ma'aikatan. Ya ce burjin tudun an baza shi tun daga kwalbatin farko na sabuwar hanyar har kusa da shingen kwastan, an cakuɗa da na wani wuri, gireda ta bi ta kai, ba mai iya rabewa. Tef ɗin yana aljihuna. Na buɗe baki na ce, "Baba, wataƙila..."

Ya ce, "Bari. Bar shi hakanan."

Ya dubi hanyar ta gabas har inda ido ya ƙare, ya dube ta ta yamma, ya sake sallamar, wannan karon da ɗan ƙarfi. Muka ƙetare. Ya haƙa ɗan rami a gefen kabarin ya sa ƙullin ya rufe. Da muka gama addu'a ya ce in gaida gida. Bai ce in dawo ba, ban kuma sake ganinsa ba.

Na yi shekara talatin da wani abu a aikin. Na zauna a kujerar da aka ce zan zauna. An zuba wa hanyar kwalta, ta farfashe, an sake zuba wata a kai. Nakan bi ta in zan je Maraɗi wurin 'yata da ke aure a can. Daga kwalbatin farko nake rage gudu in fara sallama, ba na dainawa sai na hango shinge. Ban sani ba ko ina farawa da wuri, ko kuwa akwai waɗanda nake wucewa ban gaishe su ba.